Sabon Kan Burtu

Wanda ya bar Hawandawaki ya bi hanyar yashi ya yi gabas, har ya isa wani ƙauye can ciki, in ya tambayi gidan Rabi'u, sai a ce masa wane Rabi'un, domin garin ba ya talaucin masu wannan suna. Amma in ya ce Mai-Burtu, ko akuya ta san ƙofar gidan.

Rabi'u maharbi ne, kuma irin harbinsa gado ne. Burtu, ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ƙaton tsuntsu ne baƙi wuluk, mai dogon baki da ƙulu a samansa, maƙogwaro ja da shuɗi, da zara-zaran gashin ido. Ba ya son tashi sama. A ƙasa yake yini yana tsintar ƙadangaru da fara, kuma zabin daji da tuji ba sa gudunsa, don sun saba kiwo tare. To, nan kakannin Rabi'u suka samo hanyar cin abinci. Maharbi zai ɗaura busasshen kan burtu a goshi, wanda aka kafa a kan lanƙwasasshen icce mai siffar wuya, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa, ya yi ta rarrafe yana gyaɗa kai yana caccakar ƙasa, bindiga ɓoye ƙarƙashin ciki, har ya shiga tsakiyar tsuntsaye. Kafin su farga sai dai su ji ƙara.

Kan da Rabi'u ke aiki da shi na mahaifinsa ne, ya sha ɗinki ya sha ƙaro har ba a gane asalin fatar. Dajin ma ya tsufa tare da shi. Gonaki sun cinye shi, manyan itatuwan da burtu ke ƙwai a kogonsu sun shiga murhu, tuji ya koma labarin da ake ba yara. Abin da ya rage wani fako ne bayan burtalin shanu, mai sabara da geza da tsohuwar kuka, da garken zabin da suka ƙi barin wurin saboda taurin kai. Sai kuma burtu guda, namiji. Macen ta ɓace tun shekarun baya, ba wanda ya san abin da ya ci ta.

Wannan burtun ne ya ɗauki Rabi'u ɗan'uwa. Da farko nesa yake tsayawa, ya karkata kai yana kallon wannan gurgun burtu mai tafiya da gwiwa. Sannu a hankali ya fara matsowa. Har ta kai in Rabi'u ya durƙusa a bakin fakon ya yi kukan burtu daga can cikin ƙirji, sai amsa ta taso daga gindin kuka, ga shi nan tafe yana taku ɗai-ɗai kamar mai gari za shi ɗaurin aure. Su jera su yi kiwo har cikin zabi. In bindiga ta tashi, ya buɗe fukafukansa masu farin baki ya tsere, ya yi fushin 'yan kwanaki, ya dawo. Rabi'u yakan ba da labarin a majalisa yana ƙyaƙyata dariya, ya ce gwanintarsa ta kai har mai abin ya kasa gane na jabu. Matarsa Hajjo ba ta taɓa kiran tsuntsun da sunansa ba. In ta ji kukansa da sassafe sai ta ce, "Malam, abokinka na kira."

Da kaka ta yi, aka gama ɗaure gero, autarsu Samira ta zo gida goyon ciki. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Mayahi, tana koyar da ilimin halittu, kuma wannan ne cikinta na fari. A gidan Mai-Burtu akwai al'ada guda da ba ta taɓa karyewa ba: duk 'yar da ta haihu, romon farko da za ta sha na jego na zabon daji ne, wanda ubanta ya harbo da hannunsa. Yayyenta duk sun sha. Ranar da ta iso, tun ba ta sauke jaka ba Rabi'u ya ce mata nata zabon na can yana ƙiba, ita kaɗai yake jira. A idon Rabi'u, ranar da ya kasa cika wannan, sunan Mai-Burtu ya tashi daga kansa.

Wata la'asar suna zaune a rumfar tsakar gida, Hajjo na ɓarar gyaɗa, Samira ta miƙe kumburarrun ƙafafunta tana latsa salula, sai ta yi dariya.

"Baba, taho ka ga ɗan'uwanka."

"Ɗan'uwana cikin salula?"

"Cikin teku ma. Shi nika nuna ma 'yan lakwal in muna darasin ɓad-da-kama."

Ya karɓa ya miƙa hannu can nesa, don idonsa na kusa ya fara yi masa rowa. Ƙarƙashin ruwa ne. Ga duwatsu masu gansakuka, ga wasu curarrun abubuwa kamar soso, ga ƙaramin kifi na shawagi.

"Ni ban ga komi ba," in ji shi.

"Haka ƙaramin kihin can ma ya ce. Dubi nan."

Sai ya lura ɗaya daga cikin duwatsun yana da wani siririn tsinke a goshi, a bakin tsinken akwai ɗan abu mai kama da tana yana wutsil-wutsil. Ƙaramin kifin ya matso zai ci tana. Dutsen ya buɗe baki. Babu kifi. Rabi'u bai ga lokacin da aka haɗiye shi ba, shi da yake alfahari da saurin ido. Daga nan dutsen ya tashi, ya taka da fukafukansa kamar mai rarrafe, ya matsa gefen wani dutsen, ya sake zama dutse.

"Ikon Allah!" Rabi'u ya ce. "Mi ne sunanshi?"

"Faransawa poisson-grenouille suka ce mishi. Kihin kwaɗo ke nan. Tsaya ka ga wani."

Na biyun, wanda ta kira seiche, ba shi da kamar kifi ko kaɗan. Hannuwa ne jingim a fuskarsa. Ya kwanta a kan yashi ya zama yashi, ya shiga ciyawa ya zama ciyawa, har fatarsa na fid da ƙuraje don ta dace da wurin. Hawainiya a gabansa 'yar koyo ce. Da ya hango ƙaguwa, sai wasu baƙaƙen ratsi suka fara gudu a jikinsa, ƙaguwar ta tsaya sororo tana kallo, shi kuwa ya harbo dogayen hannuwa biyu ya fizge ta.

Rabi'u ya yanke hukunci nan take. "Wanga na biyun ɗan birni ne, riguna sun yi mishi yawa. Na harkon shi ne maharbi. Riga guda, haƙuri, da abin goshi. Sake sa mini shi."

Hajjo ta leƙo ba tare da ta daina ɓara ba. "To in an kwashe duwatsun da ke gehenshi hwa?"

"Sai a gane shi, Inna," in ji Samira. "Da su yake ɓoyo. In babu su, ko ya sake wuri ko yunwa ta kashe shi."

Rabi'u bai ji wannan ba, ko kuma ya ji ta bi ta ɗaya kunnen ta fita. Hankalinsa na kan tsinken nan, yana gyaɗa kai daidai da motsinsa. Sai da ya kalla har batir ya fara kuka.

Ba a daɗe ba masifa ta sauka, kuma ba da hayaniya ta zo ba. Ya ɗauko kan burtun daga inda yake rataye a ɗakinsa zai shafa masa mai, sai baki ya rabu da ƙoƙo ya faɗo a cinyarsa. Gara ce ta bi bango ta shiga iccen, ta wuce har cikin ƙashi, ta bar fata kawai tana riƙe da gari. Ya haɗa da ƙaro, ya naɗe da zaren jima, kan ya tsaya a karkace kamar mai ciwon wuya. Zai iya fita da shi sau ɗaya, in an yi sa'a. Sau biyu kam babu.

Ya ci kasuwar Tasawa, ya ci ta Mayahi, ya bi 'yan magori rumfa-rumfa. Akwai kan mujiya, akwai fatar damo, akwai ƙahon da mai shi ma bai san na mene ne ba. Kan burtu kuwa kowa sai ya girgiza kai ya ce rabonsa da gani tun yana saurayi. Hamza masassaƙi, maƙwabcinsa, ya ce ya kawo icce a sassaƙa masa, in an shafa baƙi ba mai ganewa. Rabi'u ya ji maganar kamar zagi. Mahaifinsa ya sha faɗa masa kan icce na 'yan tashe ne, ba na maharba ba.

Tunanin da yake gudu tun ranar da bakin ya faɗo ya zo ya zauna masa a ƙirji. Kan burtu guda ne ya rage a duk ƙasar da ƙafarsa ke kaiwa, kuma yana bisa wuyan mai shi.

Hajjo ta same shi a bayan rumbu yana ɗura wa bindiga albarushi, ta ga irin dalmar da ya zaɓa. Shekarun da ta yi da maharbi sun isa ta san wannan ba ta zabo ba ce.

"Malam, ba dai abokinka ba?"

"Tsuntsu ne, Hajjo. Wanda ubana ya bar mini ma ai a wuyan wani burtun anka ciro shi."

"Zamanin ubanka burtu nawa ke cikin dajin?"

Ya ci gaba da danna tsumma a bakin bindiga.

"Ga zabin gida nan cike da akurki," ta ce. "In an dahwa, wa zai bambance? Ni dai ba a ji a bakina."

"Ni zan sani," ya ce. "Ɗiyata ba ta zama ta harkon da ta sha romon akurki."

Hajjo ta juya ta koma wajen tukunyarta. Ta san mijinta: in ya kafe, gara ta yi magana da turmi.

Da safe ya fita da karkataccen kan. Ya durƙusa a bakin fako, ya yi kira. Amsa ta zo tun bai rufe baki ba. Burtun ya fito daga bayan kuka yana takunsa na isa, ya tsaya a hanya ya kai wa wani abu sara, sannan ya ƙaraso da ƙadangare a baki. Ya taɓa yin haka sau da dama. Ya ajiye ƙadangaren a gaban Rabi'u, ya ja baya kaɗan, ya karkata kai yana jira a ci. Bai damu da karkacewar wuyan abokinsa ba. Sun yi kusa har Rabi'u na ganin gashin idonsa ɗaya-ɗaya.

Ya saita ƙirji, don kada kan ya lalace. Ya yi bismilla ya ja kunama.

Naman burtu ba a gidansu ake ci ba. Ya cire abin da ya zo nema, ya tona rami a gindin kukar ya binne sauran. Ƙadangaren na nan inda aka ajiye masa, tururuwa har sun fara taruwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya ji haushin ɓacin, don shi a saninsa maharbi ba ya makokin abin da ya harba. Ya ce wa kansa aiki ne, ya naɗe kan a zane ya nufi gida.

Aikin kuwa ya yi kyau, ba a ƙwace masa wannan ba. Ya kwashe cikin kan tsaf, ya cika da gishiri da toka, ya shanya a inuwa har ya bushe. Ya samo iccen aduwa mai lanƙwasa daidai, ya rufe da fatar baƙar akuya, ya ɗinka jan ƙyalle a maƙogwaro inda launin asali ya dushe. Maza suka riƙa shigowa kallo suna sa albarka. Hamza da kansa ya ce lallai icce ba zai yi wannan ba. Samira ta ɗauki kan ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallon gashin idon, ta mayar ta ajiye, ta shige ɗaki. Hajjo kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Sai dai da sassafe, lokacin da aka saba jin kira daga gabas, takan ɗan dakata da abin da take yi, sannan ta ci gaba.

Samira ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Tun ana guɗa Rabi'u ya saɓa bindiga.

Ya durƙusa a bakin fako da sabon kai a goshi, baƙi na sheƙi. Bakinsa ya yi kiran da ya saba tun bai shawarce shi ba. Shiru. Ya ji kunya kamar wani ya gan shi, ya fara rarrafe. Zabin na can inda fakon ya haɗu da gonar da aka girbe, suna tsintar abin da ya zube. Ya gyaɗa kai, ya caccaki ƙasa, ya bi a karkace yadda aka koya masa, ba ya dosar su kai tsaye. Bai ko yi rabin hanya ba wani zakaran zabo ya miƙe wuya, ya ƙura masa ido, ya ɓarke da kwakwazo. Garken duka ya zuba a guje, ya tashi, ya faɗa can bayan burtali.

Ya ce iska ce ta juya. Washegari ya zago ta wancan gefen, aka maimaita. Ya ce zanen ne ya koɗe, ya sake wani. Zabin suka tashi tun daga nesan da bindiga biyu ma ba ta kaiwa. Gwiwoyinsa suka kumbura, ƙaya ta cika tafin hannunsa, ga suna na ta matsowa, mai jego na jiran romo.

A fitarsa ta ƙarshe kafin suna, bayan garken ya sake watsewa, ya tsaya a durƙushe yana haki. Hantsi na bayansa, inuwarsa ta miƙe a gabansa a kan fako. Ya dube ta sosai, abin da bai taɓa yi ba. Tsoho ne mai doro, yana jan ƙafa ɗaya, da sanda a goshi. Kan dai na burtu ne, amma daga wuya zuwa ƙasa ko makaho ba zai ruɗe ba. Wataƙila da can, yana da ƙarfin gwiwa, ya iya takun. Yaushe ya daina iyawa, bai sani ba, don ba wanda ya faɗa masa.

Nan kifin cikin salula ya faɗo masa a rai, tare da tambayar Hajjo, wadda ashe ya ji ta. Shekarun nan duk zabin ba shi suke kallo ba. Na gaskiyan suke kallo. In ya natsu sun natsu, kuma duk baƙin abin da ke tafe a gefensa sun ɗauke shi nasa ne. Tsuntsun da Rabi'u ke yi wa dariya a majalisa shi ne ke rufa masa asiri, shi kuma ya kashe shi da hannunsa don ya ƙara kama da shi. Ya kwance igiyar daga goshi, ya zauna dirshan a ƙasa, ya rungume kan a cinya. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi sai kanka.

Da ya shiga gida ƙamshin romo ne ya tare shi. Hajjo ta sa Hamza ya yanka mata zabin akurki, ba ta tambayi kowa ba. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa, ba ta ce ai na faɗa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo da a ce ta faɗa. Ta zuba a kwano ta miƙa masa.

"Kai za ka kai mata. Haka anka saba."

Ya yi sallama a ƙofar ɗakin jego. Samira na jingine da bango, jaririyar da za a sa wa suna Ikram na barci a gefenta. Ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta kurɓa.

"Ya yi daɗi, Baba. Allah shi ƙara girma."

"Na gida ne," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Na sani."

Ta ci gaba da sha har ta shanye, ta suɗe ƙashi, ta miƙo masa kwanon. Ya leƙa fuskar jikarsa, ya yi mata addu'a, ya fito.

Aka yi suna aka watse. Washegari da safe Hajjo na shara ta ga Rabi'u ya fito daga ɗaki da kan burtu a hannu, baƙin zane a kafaɗa, yana ɗingishi. Ta leƙa ɗakin, ga bindiga jingine a kusurwa.

"Malam, ka mance bindiga."

"Ban mance ba."

"To mi za ka yo?"

"Kiwo," ya ce. "Kada zabin nan su mance kamannin burtu. Kuma in Allah ya jeho wani ta nan ya yi kira, ya iske mai amsa mishi."

Hajjo ta riƙe tsintsiya tana kallonsa har ya fita.

A bakin fako ya ɗaura kan, ya lulluɓa zane, ya durƙusa a kan kumburarrun gwiwoyinsa. Ya yi kira daga can cikin ƙirji, ya saurara gwargwadon yadda ya saba saurare. Sannan ya gyaɗa kai, ya caccaki ƙasa, ya fara rarrafe shi kaɗai ya nufi gindin kuka.